Yadda Ake Gane Ramin Kwamfuta Mai Saurin Tura Fayil

Ramukan da ke gefen kwamfuta kamarsu ɗaya a ido, amma gudunsu ba ɗaya ba ne. A kwamfuta guda za ka samu ramin da zai kwashe bidiyon biki mai gigabait 32 cikin minti ɗaya da rabi, kusa da shi kuma akwai wanda sai ya ci kwata na awa a kan aikin nan ɗaya. A nan Kaduna, mai ɗaukar bidiyon biki a Tudun Wada, mai shagon tura finafinai da karatu a Kasuwar Barci, ɗalibin Kadpoly ko KASU da ke kwafe aikinsa kafin a ɗauke wuta, duk wannan bambanci yana taɓa aljihunsu ko lokacinsu. Abin da ke damuna shi ne mutane da yawa sun riga sun biya kuɗin rami mai sauri tun ranar da suka sayi kwamfutar, amma shekara da shekaru suna soka rumbunsu na ajiyar fayil a ramin da ya fi kowane nawa, don babu wanda ya taɓa nuna musu.

Kafin mu fara dubawa, ka riƙe abu ɗaya. Gudun tura fayil abubuwa uku ne ke yanke shi: ramin, kebul ɗin, da na'urar da ka haɗa. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke da iko. Ko a kan babban titin Abuja ka ɗora amalanke, tafiyar amalanke za ta yi. Don haka gane rami rabin aiki ne, sai ka haɗa da sauran biyun.

Lissafin da ya kamata ka sani tukuna

Kamfanoni suna rubuta gudu da megabit ko gigabit a daƙiƙa, wato Mbps da Gbps. Kwamfutarka kuwa, idan tana kwafar fayil, megabait take nuna maka, wato MB/s. Bit takwas ne ke yin bait ɗaya, saboda haka sai ka raba da takwas, sannan ka ƙara rage wani abu, domin wani kaso na gudun yana tafiya wajen tsara saƙon kansa.

USB 2.0, wanda ya fito a 2000, yana da 480 Mbps. A takarda 60 MB/s ke nan, a aikace kuwa tsakanin 30 zuwa 40 za ka gani. USB 3.0 na shekarar 2008 yana da 5 Gbps, a aikace wajen 400 MB/s idan na'urar tana da ƙarfi. A 2013 aka ninka shi zuwa 10 Gbps, wanda ke kai wajen 1,000 MB/s. A 2017 aka samu mai 20 Gbps, sai USB4 a 2019 da ke kaiwa 40 Gbps. Akwai kuma wani tsarin rami mai sauri da ake kira Thunderbolt: Thunderbolt 3 da 4 su ma 40 Gbps ne, Thunderbolt 5 kuma 80.

Sunayen ne ke rikita mutane, kuma ba laifinsu ba ne. Ƙungiyar da ke tsara USB ta sake wa USB 3.0 suna sau biyu: ya koma USB 3.1 Gen 1, daga baya ya koma USB 3.2 Gen 1. Duk abu ɗaya ne, 5 Gbps. Idan mai shago ya nuna maka kwali ya ce ai wannan 3.2 ne, bai faɗa maka komai ba tukuna. Abin da ke bayan Gen za ka duba: Gen 1 shi ne 5, Gen 2 shi ne 10, Gen 2x2 shi ne 20.

Mataki na farko: ware ramukan da ba na fayil ba

Juya kwamfutar ka ƙirga ramukanta. HDMI, VGA mai shuɗin baki da ƙananan huji 15, da DisplayPort duk na hoto ne zuwa talabijin ko majigi, ba a tura fayil ta cikinsu. Ramin abin sauraro da na caja mai zagaye su ma ka ajiye su gefe. Abin da ya rage shi ne USB mai faɗi da kowa ya sani, wato nau'in A, sai ƙaramin nan mai kama da ƙwayar magani, USB-C, sai ramin kebul ɗin intanet, da wajen sa katin memori.

Mataki na biyu: launi da alama

A cikin ramin USB mai faɗi akwai ɗan harshe na roba. Idan shuɗi ne, kusan kullum USB 3.0 ne, 5 Gbps. Baƙi a al'ada USB 2.0 ne. Fari ana ganinsa a tsoffin na'urori ƙwarai. Wasu kamfanoni suna sa ja ko shuɗi mai ratsin kore a kan mai 10 Gbps, musamman a bayan manyan kwamfutocin tebur. Rawaya, kamar yadda ake gani a ThinkPad da yawa, ba maganar gudu yake yi ba. Yana nufin ramin zai ci gaba da caja wayarka ko kwamfutar tana barci.

Sai dai launi shawara ce aka ba kamfanoni, ba doka ba. HP da Dell suna da samfura da yawa da harshensu baƙi ne alhali USB 3 ne, Apple ma ba ta amfani da shuɗi. Tunda yawancin kwamfutocin hannu da ake sayarwa a garin nan HP ne da Dell da Lenovo na ofisoshin Turai da Amurka, wanda ya dogara da launi kaɗai zai yi ta kuskure.

Alamar da ke jikin ƙarfe ko roba kusa da ramin ta fi launi gaskiya. Alamar USB zalla, mai rassa uku, ba tare da wani harafi ba, galibi 2.0 ce. Idan akwai haruffa SS a gabanta, 5 Gbps ne. SS da lamba 10 a gefe, 10 Gbps. SS da 20, 20 Gbps. Sabbin kwamfutoci sun fara sauƙaƙa abin, suna rubuta 5Gbps, 10Gbps, 20Gbps ko 40Gbps kai tsaye.

A kula da alamar walƙiya, don iri biyu ce. Walƙiya ita kaɗai mai kan kibiya a ƙasanta, kusa da ramin USB-C, alamar Thunderbolt ce, kuma wannan shi ne ramin da ya fi kowane gudu a kwamfutar. Amma ƙaramar walƙiya da aka manna a jikin alamar USB, ko hoton batir, kusa da rami mai faɗi, caji kawai take nufi. Thunderbolt bai taɓa zuwa a ramin USB mai faɗi ba. Tsoffin MacBook kuwa, daga 2011 zuwa 2015, nasu Thunderbolt yana cikin wani ɗan rami mai kusurwa huɗu irin na Mini DisplayPort, na farko 10 Gbps, na biyu 20.

Mataki na uku: haska cikin ramin

Wannan ita ce dabarar da na fi yarda da ita a rami mai faɗi, domin alama tana gogewa a tsohuwar kwamfuta, amma ƙarfe ba ya ƙarya. Kashe kwamfutar, kunna fitilar wayarka, ka leƙa cikin ramin. USB 2.0 yana da ƙarafa huɗu ne rak, dogaye, a jikin harshen. USB 3 yana da tara: waɗancan huɗun, da ƙarin ƙanana guda biyar a jere kusa da bakin harshen. Idan ka ga layi biyu na ƙarafa, ramin mai sauri ne ko da harshensa baƙi ƙirin ne. Haka za ka yi wa filashi ko kan kebul, sai dai a can ƙananan biyar ɗin suna can ciki, sai ka karkata fitilar sosai.

Dubawar nan tana tona asirin kayan jabu. Akwai filashi da ƙananan akwatunan ƙara ramuka da ake rina harshensu shuɗi, ka leƙa ka tarar da ƙarafa huɗu. Wannan 2.0 ne da aka sa wa riga.

Tunda ka haska, duba ƙura ma. Bayan hunturu, ramukan kwamfuta a Kaduna sukan cika da ƙura. Idan ƙananan ƙarafan nan biyar suka daina taɓawa, ramin ba zai mutu ba, zai koma gudun 2.0 ne shiru ba tare da ya sanar da kai ba. Hura shi da iska ko ka share da busasshen buroshi mai laushi, kwamfutar tana kashe. Kada ka sa allura ko wani ƙarfe.

Mataki na huɗu: USB-C, inda ido ba ya isa

A nan mutane suka fi ruɗuwa. USB-C siffar rami ce kawai, an fito da ita a 2014. Siffar ba ta faɗar gudu. Rami biyu na USB-C za su iya zama kafaɗa da kafaɗa, ɗaya 5 Gbps ɗaya 40. A wayoyi ma abin ya fi muni: yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke da USB-C, gudun 2.0 suke yi. Ko iPhone 15 ta 2023 haka take, sai iPhone 15 Pro ce ke kai 10 Gbps. Don haka idan tura bidiyo daga waya yana nawa, kada ka yi saurin zargin kwamfuta.

Leƙen ƙarafa ba ya amfani a USB-C. Idan babu alama a gefensa, sai ka nemi cikakken sunan samfurin. A Windows danna maɓallin Windows tare da R, rubuta msinfo32, ka duba layin System Model. Ko ka juya kwamfutar ka karanta takardar da ke ƙasanta. A Dell akwai lambar Service Tag da za ka sa a shafin kamfanin. Nemi littafin samfurin a shafin kamfanin da kansa. A ciki akwai zanen gefen dama da na hagu, an sa wa kowane rami lamba da gudunsa. Ka lura cewa samfuri ɗaya yakan zo kala-kala, wani da Thunderbolt wani babu, shi ya sa lambar jikin taka kwamfutar ta fi sunan samfuri amfani.

Mataki na biyar: tambayi kwamfutar da kanta

A Windows danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Device Manager. Sauka ƙasa ka buɗe Universal Serial Bus controllers. Idan ka ga layi mai ɗauke da eXtensible Host Controller, ko USB 3.0, 3.1, 3.2, to kwamfutar tana da USB 3. Idan Enhanced Host Controller kaɗai ka gani, ko dai ta tsufa ba ta da shi, ko kuma direbansa, wato manhajar da ke sa shi aiki, bai hau ba. Wannan na biyun yana yawan faruwa ga kwamfutar da aka ɗora wa Windows 7, domin shi bai zo da direban USB 3 a cikinsa ba. Daga Windows 8 ne aka fara haɗawa da shi. Za ka ga rami shuɗi yana nawa ko ma ya ƙi aiki gaba ɗaya, alhali lafiyarsa ƙalau.

Amma wannan jerin yana faɗa maka abin da kwamfutar ke da shi ne a dunƙule, ba ya nuna wane rami ne wane. Don ka san haka, akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna USB Device Tree Viewer. Buɗe ta, soka na'urar da ka tabbata USB 3 ce a rami na farko, ka ga inda ta bayyana. Idan ta ce High-Speed, kada sunan ya ruɗe ka, 480 Mbps ne, wato 2.0. SuperSpeed shi ne 5 Gbps, SuperSpeedPlus kuma 10 ko sama. Zare ka koma rami na gaba, har ka gama da su duka. Wani lokaci Windows da kansa yakan fito da saƙo cewa na'urar za ta fi sauri a wani ramin. Kada ka rufe saƙon nan ba ka karanta ba, gaskiya yake gaya maka.

A Mac aikin ya fi sauƙi. Riƙe maɓallin Option, danna tambarin Apple, zaɓi System Information, ka shiga USB. Danna sunan na'urar da ka haɗa, za ka ga gudun da ta samu, ko 480 Mb/s ko 5 Gb/s ko 10. Thunderbolt yana da nasa sashe a wannan jerin. Masu Linux su rubuta lsusb -t, a ƙarshen kowane layi za su ga 480M, 5000M ko 10000M.

Mataki na shida: gwaji na zahiri

Duk abin da aka rubuta a jiki ko a takarda, gwaji ne alƙali. Samu fayil guda ɗaya babba, bidiyo mai gigabait 3 ko fiye. Kada ka yi gwaji da tarin ƙananan hotuna, su kullum suna nawa ko a wane rami. Ɗauko rumbun ajiya na waje, wanda aka fi sani da eksitana, kwafo fayil ɗin daga cikinsa zuwa kwamfuta, ka danna More details a akwatin kwafi don ka ga lambar gudu. Kada ka yarda da lambar daƙiƙun farko, takan yi tsalle sama sannan ta sauko. Jira ta daidaita.

Ga ƙa'idar karantawa. Idan lambar ta tsaya tsakanin 30 da 40 MB/s ta ƙi motsi, kana kan 2.0, ko saboda rami ko saboda kebul. Idan ta wuce 60, babu shakka USB 3 ne, domin 2.0 ba zai taɓa iya kai nan ba. Eksitana mai faifai a ciki, irin wanda kake jin yana juyawa, yakan tsaya wajen 100 zuwa 130 MB/s, kuma wannan iyakar faifan ce, ba ta ramin ba. Ko Thunderbolt ka ba shi ba zai ƙara ba. Sai rumbu nau'in SSD, wanda ba shi da faifai mai juyawa, shi ne zai nuna maka bambancin 5 da 10 Gbps: wajen 400 a na farko, kusan 1,000 a na biyu idan shi ma mai 10 ne. Haka nan idan rumbun cikin kwamfutar taka mai faifai ne, shi ma zai riƙe gudun. Wanda ke son lamba tsaf ya yi amfani da CrystalDiskMark a Windows ko Blackmagic Disk Speed Test a Mac.

Wani abu da mutane kaɗan suka sani: idan ka tura filashin USB 3 cikin rami a hankali ƙwarai, ƙarafa huɗun farko za su riga taɓawa, kwamfutar ta ɗauke shi a matsayin 2.0 kafin sauran biyar su iso. Soka shi gaba ɗaya a tashi guda. Idan gudu ya ba ka mamaki, zare ka sake sokawa kafin ka yanke hukunci.

Kebul, inda kuɗin mutane ke zubewa

A ganina nan ne aka fi asara. Mutum zai sayi SSD mai tsada, ya haɗa shi da kebul ɗin cajar waya, ya dawo yana cewa an cuce shi. Yawancin kebul ɗin USB-C da ke zuwa da caja, ciki har da masu cajin gaggawa, 2.0 ne ta fuskar fayil. Ƙarfin caji da gudun fayil ba su da alaƙa. Kebul mai sauri yakan fi kauri, yakan fi gajarta, kuma akwai SS, ko lambar Gbps, ko walƙiya da lamba 3 ko 4 a kansa. Wanda ya zo a kwalin rumbunka, adana shi, kada ya shiga cikin tarin cajojin gida.

Eksitana mai faifai kuma yana da wani baki mai faɗi kamar an manne baki biyu. Kebul ɗin tsohuwar wayar Android zai shiga rabinsa, zai kuma yi aiki, amma da gudun 2.0. Akwatin ƙara ramuka da dogon kebul na ƙari su ma haka: in 2.0 ne, duk abin da ya bi ta cikinsu ya zama 2.0. Ko mai kyau ne, duk na'urorin da ke kansa suna raba gudun rami ɗaya ne.

Masu shirin sayen rumbu mai 20 Gbps su dakata su duba. Gen 2x2 yana bukatar rami da aka yi musamman dominsa, kuma kwamfutoci kaɗan ne ke da shi. A Mac da ramukan Thunderbolt da yawa, irin wannan rumbu 10 Gbps yake komawa.

Sauran ramuka a taƙaice

A kwamfutar tebur, ramukan baya suna manne da babban allon da ke cikin akwatin, wato motherboard, kai tsaye, na gaba kuwa da kebul aka jawo su, kuma a tsoffin akwatuna yawanci 2.0 ne. Babban aiki, zagaya baya. Ramin kebul ɗin intanet galibi ko dai 100 Mbps ne ko 1 Gbps. Na biyun yana ba da wajen 110 MB/s tsakanin kwamfutoci biyu a shago, muddin kebul ɗin Cat5e ne ko sama, kuma akwatin da ke haɗa su shi ma mai gigabit ne. Wajen katin memori, masu kyamara su juya katin: layi ɗaya na ƙarafa UHS-I ne ko ƙasa da shi, iyakarsa 104 MB/s a ƙa'ida, layi biyu UHS-II ne, yana kai 312, amma sai idan makarancin kati, wato abin da ke karanta shi, shi ma mai layi biyu ne. Wasu tsoffin EliteBook da Latitude suna da ramin eSATA, wani tsohon ramin haɗa rumbu, da aka gwama da USB. Filashi a cikinsa galibi gudun 2.0 yake yi.

Idan za ka sayi kwamfuta

Ka tafi shagunan titin Ahmadu Bello ko kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da naka rumbun, naka kebul ɗin da ka riga ka gwada, da babban fayil a ciki. Bayan gaisuwa ka ce, "Alhaji, don Allah a ba ni minti biyar in gwada ramukan nan ɗaya bayan ɗaya." Mai kaya mai kyau ba ya ƙin wannan. Gwada kowane rami, ka ɗan motsa kebul ɗin a hankali yana cikin kwafi, domin rami mai sako-sako yakan yanke aiki a tsakiya. Idan aikinka bidiyo ne, nemi aƙalla rami ɗaya mai 10 Gbps ko Thunderbolt. Idan takardu ne da karatu, 5 Gbps ya ishe ka har da ragi, kada a ƙara maka kuɗi a kan abin da ba za ka mora ba.

Da ka gama tantancewa a gida, manna ɗan farin tef kusa da ramin da ya fi sauri ka keɓe shi ga rumbu da makarancin kati. Maus, allon rubutu da firinta ka mayar da su ramin 2.0, ba sa bukatar fiye da haka. Ɗan ƙaramin abin da ake sokawa na maus marar kebul ma ya fi zama lafiya a can, domin USB 3 yana fitar da hayaniyar lantarki a zangon 2.4 GHz da maus ɗin ke aiki a kai. Idan kibiyarka tana tsalle-tsalle duk lokacin da kake kwafar fayil, matsar da shi zuwa ɗaya gefen kwamfutar, nesa da kebul ɗin rumbun.